Garantin dala 2,400 da butar Kawu

Tunda kowa ya tare ni a ƙofar masallaci sai ya ce in ba shi labarin gareji, ga shi nan sau ɗaya, kada wanda ya sake tambayata.

Kun dai san na canza mota a watan Oktoba. Tsohuwar nan mai tari ta tafi, na ɗauko wata 'yar shekara shida a cikin filayen motocin nan na titin Morse, a nan Columbus ta jihar Ohayo, ta ci mil 71,000. Mun gama ciniki, ina jiran a miƙo mini mukulli, sai aka ce in shiga wani ɗan ofis a sa hannu. Wanda ya taɓa sayen mota a Amurka ya san ofishin nan. A waje ana tayawa ne kawai, a ciki ake yanka rago. Mutumin ya ba ni ruwan gora, ya ce yana tausayina. Ya ce garantin da masu ƙera mota suka saba bayarwa shekara 3 ne ko mil 36,000, na inji da giya kuma shekara 5 ko mil 60,000, motata ta tsallake duka biyun. Ya nuna mini takardar nan da doka ta ce a manna a gilashin kowace tsohuwar mota, inda aka rubuta cewa yadda ka gan ta haka ka saye ta. Ya ce in giya ta mutu gobe, kuɗin gyaranta ya kai kuɗin jirgin iyalina gaba ɗaya zuwa Kano. Amma in na sayi ƙarin garanti a wajensu, da dala 40 kacal a wata, sai in yi barci da minshari.

Dala 40 sau wata 60. Sai da na fito na yi lissafin, 2,400, ban da kuɗin ruwan da zai hau kai tunda cikin bashin motar aka zuba.

Ni kuwa na taso inda garantin mota shi ne dillali ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi Alhaji, ko Legas ka nufa da ita yanzu." In ta mace a Kwanar Dangora, kai da Allah da 'yan Ƙofar Ruwa. Yau ga Bature yana ba ni alkawari a rubuce, da hatimi. Na ce bari dai in kira Kawu.

Kawu ya ce kada in saya. Ya ce shekara 22 yana jan tasi a ƙasar nan bai taɓa ba wa kowa sisi da sunan garanti ba. "Ɗana, samu gwangwanin madara ka riƙa jefa arba'in ɗin a ciki. Su da suka ƙirƙiro abin, don su yi asara suka ƙirƙiro shi?" Maganarsa gaskiya ce, na sani tun a lokacin. Amma wannan Kawun ne ya ce in sayi mai tarin, ya ce injinta sai dai jikokina su gada. Shi ne kuma ya ce ba a buƙatar tayar hunturu a Ohayo. Don haka ina ajiye waya na sa hannu, a wuri bakwai.

Sai a gida na karanta takardar, uwargida na tsaye a kaina. Birki ba ya ciki. Taya ba ta ciki, batir ba ya ciki, waifa da ƙwan fitila ba sa ciki, wato duk abin da na taɓa gani ya lalace a mota da idona. Ba za ta fara aiki ba sai bayan kwana 30 da mil 1,000. Kowane gyara dala 100 na farko daga aljihuna. In ban ajiye rasit na kowane juyen baƙin mai ba, suna iya cewa ni na kashe injin. In na yi haya da motar, babu ruwansu. Uwargida ta ce, "To Baban Yara, me ka saya ke nan?" Na ce kwanciyar hankali. Ta ce Allah ya sa ta iso.

Ba ta iso ba. Abin da ba a faɗa maka shi ne, daga ranar da ka sayi abin nan kunnenka ke buɗewa. Na daina kunna rediyo. Ina tuƙi a kan babbar hanya mai lamba 270 ina kasa kunne kamar mai jiran ganin wata. Astagfirullah, har na kai ina fatan wani abu babba ya lalace, giya ko kwamfutar motar, don in ci kuɗina, in ɗauki rasit in kai wa Kawu har gida. Mota kuwa ta ƙi. Lafiya lau kamar doki.

Sai ga Janairu. Na taso daga aikin dare ƙarfe biyar na asuba, sanyin da gashin hanci ke daskarewa, na sha kwanar farko sai na ji ƙwal daga baya. Na sha ta biyu, ƙwal. Na taka birki, gurum. Wallahi murmushi na yi. Ni kaɗai a mota, na ce alhamdulillahi, ƙafar baya ta tafi.

Zuwa na farko na sa rigar sanyina mai kyau, na ɗauki jakar takardu, rasit a jere bisa kwanan wata. Suka shigar da motar ciki da safe, suka kira ni da la'asar: ba su ji komai ba. Zuwa na biyu ta kwana a wajensu. Suka ɗaga ta sama, suka girgiza shokozoba, suka duba salansa, ba su ji komai ba. Matar da ke kan tebur ta yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa yaro, cewa in ba a sami abin da garanti ya ɗauka ba, kuɗin binciken a wuyana yake. Dala 165 kowane zuwa. Na biya, na fito, na ajiye motar a ƙofar gida. Da asuba, ƙwal.

A zuwa na uku na ɗaga murya. Ina so ku san wannan, don shi ya fi yi mini ciwo. Na tsaya a tsakiyar ɗakin jira, mutane takwas ko tara suna shan kofi, na ce ni ba baƙo ba ne a ƙasar nan, na san hakkina, sun karɓi dala 2,400 suna so su cinye. Na ce akwai ofishin babban lauyan jiha kuma na san hanyarsa. Ban san hanyarsa ba. Na buga jakar a kan tebur har wani rasit ya faɗi, wata tsohuwa mai saƙa hula ta tsince shi ta miƙo mini. Na ce ba zan bar wurin ba sai babban bakanike ya shiga motar da ni, yanzu, tun tana da sanyi.

Ya fito. Wani dogo mai furfura, ba ya magana. Ya zauna a gefe na ja. Kwanar farko, ƙwal. Na juya na kalle shi, irin kallon da ake yi wa wanda aka kama da akuya a hammata. Ya ce in sake. Ƙwal. Ya ce mu koma. Muna komawa, maimakon ya ce a ɗaga mota, sai ya ce in buɗe but. Na ce babu komai a but, na duba. Ya ce in buɗe dai.

Ya ɗage shimfiɗar, ya ɗage murfin ramin safaya, ya zura hannu ta bayan tayar. Ya fito da buta.

Butar roba, mai ratsin kore da ruwan ɗorawa, irin wadda ke ƙofar kowane gida daga Sakkwato har Damagaram. Ruwan ciki ya daskare ya zama dutse. Ya ɗaga ta sama, ya ƙwanƙwasa ta a jikin ƙarfen but ɗin. Ƙwal. Ya sake. Ƙwal. Sau uku ya yi, kuma ina da tabbacin na ukun don kansa ya yi.

Nan take lissafin ya zo mini gaba ɗaya. In suka shigar da motar cikin ɗumin gareji, ƙanƙarar ta narke, buta ta yi shiru. In ta kwana a ƙofar gidana, ta koma dutse. Dala 330 na biya don a narkar mini da ruwan alwala sau biyu.

Ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya ce, "Wannan ta shayi ce?"

Jama'a, me za ka ce? 'Yan ɗakin jira sun fito bakin gilashi. Matar tebur ta fito da biro a hannu. Na ce a'a, ta wanke-wanke ce. Ya ce wanke me? Na ce hannu, da fuska, da ƙafa, kafin salla. Ya gyaɗa kai da girmamawa, har na ji sauƙi ya fara zuwa. Sai tsohuwar mai saƙa ta ce ai kyakkyawa ce, a ina ake samu, za ta yi daidai da ban ruwan furanninta, ko tana da wani amfani kuma? Na buɗe baki na rufe. Na ce babu. Babu wani amfani kuma.

Da a nan ta tsaya da na haɗiye. Amma akwai yaron nan ɗan Zangon Kumasi da ke wanke musu motoci. Kun san shi, mai hular nan da ba ya cirewa ko a sahu. Sau uku ina zuwa wurin bai taɓa nuna ya san ni ba, ko sallama. Ranar ce bakinsa ya buɗe. Ya ajiye tiyo, ya taho yana tafa hannu, "Ei, Alaji! Buta ne! Buta ne ya ci kuɗin ka!" Sannan ya juya ya fassara wa Turawan sauran amfanin butar, dalla-dalla, har da kwatance da hannu. Ba wanda ya tambaye shi. Tsohuwar ta ce "Oh," ta koma ciki. Yaron nan ni na taimaka aka samo wa ɗan'uwansa ɗaki bara. Ni na kai shi asibiti da ya zame a ƙanƙara, na zauna awa huɗu. Kafin Juma'a labari ya kai Cincinnati, kuma a tasa ruwayar wai na yi kuka. Ban yi kuka ba. Sanyi ne ke sa idona ruwa, kowa ya sani.

Bakaniken dai ɗan halak ne, bai caje ni na ukun ba. A takardar aiki ya rubuta: an cire abin da ke ƙara, an miƙa wa mai mota. Na rungumo buta da jakar takardu na shiga mota, ban ma yi sallama ba.

Butar kuwa ta Kawu ce. Akwai jan zare ɗaure a hannunta, kuma duk wanda ya taɓa cin abinci a gidansa ya san zaren nan. Ya ari motar a Disamba ya je suna, ya yi salla a hanya, ya tura ta ƙarƙashi don kada ta jiƙa mini shimfiɗa. Na kira shi, ya ce shi bai san wata buta ba. Ya ce ai da na bi maganarsa na jefa kuɗin a gwangwani, da ba zan je gareji don ƙwal ɗaya ba, da na duba da kaina. Na ce Kawu, dala 330. Ya ce, "Kai wa masu garanti mana."

An ce ana iya soke takardar su mayar da abin da ya saura gwargwadon watannin da ba a ci ba, kuma ba hannuna zai zo ba, kan bashin zai tafi. Uwargida ta ce in soke. Ni kuma ina ganin ranar da na soke, ranar giya za ta mutu. Fom ɗin yana kan firij tun Fabrairu.

Shekaranjiya Kawu ya aiko ƙaramin ɗansa. Wai in na gama da butar, suna da baƙi ranar Asabar.