Tsohon nan na fina-finan Koriya mawaƙi ne fa

Jiya da daddare ƙanwata tana kallon fim ɗin Koriya a waya, na leƙa sai na ga Kim Chang-wan cikin farar rigar likita, yana murmushin nan nasa mai sanyi. Na ce, kin san ko waye wannan? Ta ce, "Yaya, ai tsohon nan ne mai kirki, kullum shi ake ba likita ko lauya." Wallahi sai da abin ya ɗan sosa min rai. Mutumin da a ƙasarsu ake lissafa shi cikin iyayen kiɗan rock, mu a nan ya zama "tsohon nan".

An haife shi a 1954. A Jami'ar Ƙasa ta Seoul kiwon tsutsar siliki ya karanta, abin da ko kusa bai haɗa hanya da kiɗa ba. A 1977 shi da ƙannensa biyu, Chang-hoon da Chang-ik, suka fitar da faifansu na farko da sunan Sanulrim, wato amsa-kuwwar dutse. Ku lura da lokacin. Shekara biyu kafin nan gwamnatin Park Chung-hee, shugaban Koriya ta Kudu na lokacin, ta yi wa mawaƙa kamun kazar kuku bisa zargin shan wiwi, har da babbansu Shin Joong-hyun, aka haramta waƙoƙi da yawa, fage ya yi tsit. Sai ga samari uku 'yan gida ɗaya, da jita mai gurnani kamar tsohon janareto, da murya irin ta yaron da bai san tsoro ba. Faifai 13 suka yi zuwa 1997, ban da waƙoƙin yara da ya rubuta waɗanda har yau ake rerawa a can.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu shi ne yadda ya shiga fim. Mun saba gani, har a Kannywood ɗinmu, da mawaƙi ya samu waƙa biyu da suka karɓu sai ya ce shi ne jarumi, shi za a yi wa fosta, shi zai auri jarumar a ƙarshe. Wasu sun iya, ban musa ba. Amma da yawa kana kallo ka san mawaƙi ne ya ari riga. Kim Chang-wan bai bi ta nan ba. Ya yi shekaru yana fitowa a matsayin uba, maƙwabci, malami, mutumin da ke gefe. Ga shi da sunan da zai iya cika zauren waƙa, amma ya yarda a ba shi fitowa uku a kashi guda.

Kuma a gefen nan ya fi ba ni tsoro. Ku nemi White Tower na 2007, inda ya fito a mataimakin shugaban asibiti mai ƙulle-ƙulle. Ba ya ɗaga murya, ba ya zare ido. Da fuskar kawun nan da kowa ke so yake yanka mutum, yana murmushi. A ganina duk wanda ya zaɓe shi a wannan matsayi ya san mugu na gaske, domin a ofisoshinmu ma wanda zai kai ka ƙasa sau da yawa shi ne mai tambayar lafiyar iyalinka kowace safiya. A shekarar dai ya fito a Coffee Prince, a matsayin mai kula da shagon gahawa, ƙazami, malalaci, abin dariya. Mutum ɗaya, shekara ɗaya. A 2013 kuma ya zama likitan gyaran fuska mai kisa a fim ɗin Doctor. Wannan kam bai burge ni ba, an cika jini, kuma shi ya fi kyau idan muguntar tana ɓoye.

Mafi yawanku dai a My Love from the Star kuka san shi, lauyan nan amini, ko shugaban asibitin masu taɓin hankali a It's Okay to Not Be Okay na 2020, wanda ƙanwata ke kallo.

Waƙa kuwa bai taɓa ajiye ta ba. A Janairun 2008 ƙaraminsu Chang-ik, mai ganga, ya rasu a haɗari a Kanada. Daga nan aka rufe sunan Sanulrim, bai nemo wani ya zauna a kujerar ƙaninsa ba. Ya kafa wata ƙungiyar da sunansa, ya ci gaba. Ina ganin kunnen mawaƙi ne ke taimakonsa a gaban kyamara: ya san inda ake shiru, ya san inda ake sassauta murya, kuma ya saba barin wani ya yi nasa kiɗan.

Shekara 23 ya yi yana gabatar da shirin safe a rediyon SBS, sau da yawa a keke yake zuwa. Da aka zo sallama a Maris 2024, ya ɗauki jita yana waƙa, hawaye suka ƙwace masa. Na nemo wa ƙanwata waƙar Sanulrim da mawaƙiyar Koriya IU ta sake rerawa tare da shi a 2014. Ashe ta daɗe da ita a wayarta. Da muryarsa ta shigo sai ta dube ni ta ce, "Kai Yaya, likitan ne?"