Arashi ba wahayi ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Ranar Alhamis ina tsaye a Kwangila a Zariya ina jiran motar Samaru, haka kawai wani abokina ya faɗo mini a rai. Tare muka yi makarantar allo a Tudun Wada, rabona da shi ya haura shekara 15, ko lambarsa ba ni da ita. Ban gama tunanin ba sai ga bas, kwandasta yana ta "Samaru mutum ɗaya!" Na kutsa kujerar baya, na juya zan ce wa na kusa da ni ya ɗan muskuta, sai muka yi ido huɗu. Shi ne. Furfura ta cinye gemun, amma wushiryar tana nan yadda na san ta. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Irin wannan arashi ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Kal Yung, wanda ya rayu daga 1875 zuwa 1961, har suna ya raɗa masa, sinkronisiti, kuma ya fitar da rubutu a kai a 1952. Abin da yake nufi shi ne abu ya ɗarsu a zuciya, makamancinsa ya auku a zahiri, babu wanda ya haddasa wani, amma mutum ya ji akwai ma'ana a haɗuwar. Ya ba da labarin wata mara lafiya da take faɗa masa ta yi mafarki an ba ta buzuzun zinare. Tana cikin magana sai ya ji wani abu yana bugun taga. Da ya buɗe, ƙwaro ne dangin buzuzu mai sheƙin kore da ruwan zinare, ya kama ya miƙa mata. Wasu masanan ba su yarda da shi ba, suka ce ɗan Adam yana riƙe dacen da ya yi sau ɗaya, ya manta sau ɗari da bai dace ba. Kuma suna da gaskiyarsu. Sau nawa na tuna mutane a Kwangilar nan ban ga kowa ba?

Mu dai ba mu da ruɗani kan wanda ya haɗa. Allah ne. Ya rubuta ƙaddarorin halitta shekara 50,000 kafin ya halicci sammai da ƙasa, kamar yadda ya zo a hadisin Muslim. Shi ne ya ce wa Annabi Musa a Suratu Ɗaha, "sannan ka zo a kan ƙaddara ya Musa." Inda nake jin tsoro shi ne mu mayar da kowane arashi saƙon gaibu, mu dinga yanke hukunci da shi.

Ƙanena ne ya sa na yi wannan rubutu. Ranar da za a kai masa kuɗin gaisuwa cikin birni, ya yi tuntuɓe da ƙafar hagu a bakin zaure, motar da ta ɗauki iyayenmu kuma ta mutu daidai Ƙofar Doka. Da daddare ya same ni jikinsa a sanyaye, ya ce, "Yaya, anya ba nuna mini ake yi ba? Gara a fasa." Yarinya mai tarbiyya, gidan mutunci, an yi bincike, an yi istihara, amma tuntuɓe da batirin mota suna neman rusa komai.

Na ce masa zauna. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu a Madina, rana ta yi husufi. Wane arashi ya kai wannan? Mutane suka ce don mutuwar Ibrahim ne. Uba ne da ya rasa ɗa, kuma da ya yi shiru da maganar ta ƙara masa girma a idon jama'a. Amma ya miƙe ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, idan kun ga haka ku yi salla ku roƙi Allah. Duk sanda na karanta wannan hadisi sai zuciyata ta karye.

Manzon Allah (SAW) ya hana camfi, ya ce yana son fata nagari, wato kalma mai daɗi da mutum zai ji ta ƙarfafa shi. A Hudaibiyya da Ƙuraishawa suka turo Suhailu ɗan Amru, ya ce wa sahabbai al'amarinku ya yi sauƙi, saboda sunan Suhailu a Larabce daga kalmar sauƙi yake. Bai tsayar da tafiya ko ya fara ta don sunan ba, yana kan aikinsa ya kyautata wa Ubangijinsa zato.

Ƙanena ya yi shiru, can ya ce, "To motar fa, Yaya?" Na ce batirin ya shekara huɗu, tun bara bakanike yake cewa a canza. Washegari muka je Sabon Gari muka sayo sabo, Asabar aka kai gaisuwa, an sa rana bayan Salla. Shi kuwa abokina na bas, jiya na je har gidansa a Gyallesu na gaida mahaifiyarsa da ke kwance ba lafiya. Ku sa ta a addu'a, Allah ya ba ta sauƙi.