Ba da Bulo da Siminti Ake Auna Fada Ba

Jama'a, duk ranar da Bishop ya sauya wa wani Fada, wato limamin cocin Katolika, wurin aiki, ku kasa kunne ku ji abin da ake faɗa a taron sallama. Ya zagaye coci da katanga, ya sa tayil, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayo janareto. Sai tafi da guɗa. Da wuya ka ji wani ya miƙe ya ce, "Daren da babana yake gargara, Fada ya zo ya shafa masa mai, ya zauna da mu har gari ya waye." A ganina mun karkatar da ma'aunin, kuma mu 'yan coci muka fara karkatar da shi kafin limaman su biyo mu.

Ku dubi abin da aka horar da mutumin nan a kai. Yaro ya ce ya ji kiran Allah, a tura shi seminari, ko ta St. Augustine da ke Jos, ko ta Good Shepherd da ke Kaduna. Ya yi shekaru yana karatun falsafa, ya ƙara wasu a ilimin tauhidi, ana aika shi ƙauyuka lokacin hutu ana lura da halinsa. Dokar coci ba ta yarda a naɗa shi ba sai ya cika shekara 25. Ranar naɗin zai kwanta rub da ciki a gaban bagadi, zai sa hannuwansa cikin na Bishop ya yi alkawarin biyayya. Alkawarin zama ba aure kuwa tun yana dikin, matakin da ke kafin zama Fada, ya ɗauke shi. Abokaina Musulmi kan tambaye ni dalilin rashin auren nan, amsar da nake ba su ita ce don ya zama na kowa, kuma ya iya tashi duk inda aka tura shi ba tare da tunanin makarantar yara ba. A cikin alkawuran nan duka babu inda aka ambaci kwangilar gini.

Aikinsa na gaskiya ba shi da armashin ɗaukar hoto. Misa, wato babbar ibadar Katolika, ta asuba ko da mutum goma ne suka zo. Addu'o'in da ya wajaba ya karanta safe da yamma ko yana so ko ba ya so. Baftisma, shirya masu aure, jana'iza, sulhunta mata da miji, kai Jibin Ubangiji ga tsofaffin da ƙafa ta daina kai su coci. Ran Lahadi ya yi Misa biyu ko uku, wata a ƙauyen da idan damina ta yi nisa sai a kan babur, wani wurin ma sai an naɗe wando an tsallaka rafi. A nan ya kamata a jinjina wa katikis, mai koyar da addini da ke taimaka wa Fada, domin shi ke riƙe da ƙananan coci-cocin nan a makonnin da Fada bai samu zuwa ba, kuma abin da ake ba shi a wata abin kunya ne a faɗa.

Sai batun furta zunubi, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mutum ya zauna yana sauraron abin da mace ba ta taɓa gaya wa mijinta ba, abin da ɗa bai taɓa gaya wa uwarsa ba. Ba shi da ikon faɗa wa kowa, ko Bishop, ko alƙali, ko da za a yanka shi. Wanda ya tona asirin nan, nan take ya fita daga tarayyar coci. Ya tashi da wannan nauyi ya koma ɗakin da babu mai ce masa sannu da aiki. Mu dai mota muke hange da mai dafa masa abinci, mu ce Fada na shan daɗi.

Dokar coci ta kuma ce limamin parish, wato yankin da aka ba Fada ya kula da shi, ya zauna a gidan da ke kusa da cocinsa, hutun wata ɗaya ne nasa a shekara. Da can wannan doka ba ta da wani nauyi. Yau a Arewa tana iya cin ran mutum. A watan Mayu na 2021 'yan bindiga suka afka wa gidan limamai a Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da dattijo Fada Joe Keke. A Janairun 2023 aka ƙone Fada Isaac Achi a cikin gidansa a Kafin Koro ta Jihar Neja, shi da ya tsira daga bam ɗin Madalla na Kirsimetin 2011. A Satumbar 2023 aka banka wa gidan Fada wuta a Fadan Kamantan, ɗalibin seminari Na'aman Danlami ya mutu a ciki. Kowa a gari ya san ƙofar da Fada yake kwana. Duk da haka ana tura wasu, suna kuwa zuwa.

Ba wai ina wanke kowa ba ne. Akwai waɗanda huɗubarsu minti goma ce, sanarwar kuɗi kuwa minti arba'in. Baiko na biyu, baiko na uku, ga ambulan ɗin godiyar kaka. Akwai mai daka wa katikis ɗin da ya isa ya haife shi tsawa a gaban jama'a, akwai wanda talaka sai ya yi sintiri kafin ya gan shi, mai kuɗi kuwa har gida ake bin sa. Amma wa ya koya musu cewa abin da ake yabo ke nan? Mu ne muke kwatanta cocinmu da ta maƙwabta. Mu ne muke kai masa kuɗin makaranta, kuɗin asibiti da kuɗin haya, in ya ce babu mu ce marowaci ne. Ruwa ba ya tsami banza.

Waliyyin da coci ta ba limaman parish su yi koyi da shi, John Vianney, a wani ɗan ƙauye mai suna Ars a Faransa ya yi aikinsa har ya rasu a 1859. Da ƙyar ya ci jarrabawa saboda Latin ta ba shi wuya. Abin da ya sa mutane suka riƙa tururuwa zuwa ƙauyen shi ne sa'o'in da yake shafewa kullum yana sauraron masu tuba.

Doka ta riga ta tanadi cewa kowace parish ta kasance da kwamitin kuɗi na 'yan coci. To a bar shi ya yi aiki da gaske, a riƙa karanta lissafi a fili. Muna da injiniyoyi, magina da akantoci a kan benci duk Lahadi, su karɓi zancen siminti da kwano. Zumuntar Mata da matasa su rubuta sunayen marasa lafiya da tsofaffin kowace unguwa su miƙa wa Fada, a ware masa rana guda a mako wadda ba taro, ba ɗan kwangila, sai zagayen gidaje.