Hoton ɗigo a madubin layin x: wace lamba ce ke sauyawa?

Akwai kuskuren da nake yawan gani a takardun ɗaliban sakandare a nan birnin Kano, musamman masu shirin jarrabawar WAEC da NECO. Idan aka ce su nemo hoton ɗigo (3, 2) a madubin layin x, sai da yawansu su rubuta (-3, 2), suna ganin tunda an ambaci x, to lambar x ce za ta karɓi alamar ragi. Amsar daidai ita ce (3, -2).

Layin x shi ne na kwance, kuma nisan ɗigo daga gare shi, sama ko ƙasa, lambar y ce ke auna shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kududdufi a cikin gari bayan ruwan sama ya ga haka da idonsa, domin hoton bishiyar da ke gaɓa ƙasa yake nutsewa, ba ya matsawa hagu ko dama ko da taku ɗaya.

Mai shakka ya ɗiga tawada a kan (3, 2) a takardar giraf, ya naɗe takardar daidai kan layin x kafin ta bushe, zai tarar da tabon ya sauka a (3, -2). Ita kuwa (-3, 2), amsa ce ta madubin layin y, wato na tsaye. Idan lambobin biyu suka sauya alama tare, aka sami (-3, -2), to ɗigon ya yi juyin digiri 180 ne a kewayen mahaɗar layukan, wato (0, 0).