Ba Kowane Buhu Ake Zuba Ƙasar Gwaji Ba

Manoman albasa da shinkafa da dama a fadamar Rima suna ɗauka cewa ƙasa ai ƙasa ce, duk abin da aka zuba ta a ciki a kai ɗakin gwaji daidai ne. Ba haka ba ne.

Tsohon buhun taki shi ne babbar matsala. Ko an kakkaɓe shi, ɓurɓushin yuriya ko NPK yana maƙale a saƙarsa, kuma abin da ake aunawa a gwaji ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ƙasarmu ta tudu a Sakkwato yawanci rairayi ce mai ƙarancin abinci, saboda haka 'yan ƙwayoyin taki sun isa su sa sakamako ya nuna gona a ƙoshe take. Sai mutum ya rage taki, amfani ya zo a rame, ya zargi masu gwaji, alhali buhunsa ne.

Bokitin kwano yana ƙara wa ƙasar gwajin sinadarin tutiya, mai tsatsa yana ƙara mata ƙarfe. Buhun siminti kuwa yana ɓoye tsamin ƙasa.

A haɗa ƙasar a bokitin roba mai tsabta, a shanya ta a inuwa, sannan a ɗaure a sabuwar leda. Jiƙaƙƙiyar ƙasa a rufe cikin zafin Afirilu, naitirojin ɗinta, ɗaya daga cikin sinadaran abincin shuka da ake aunawa, canzawa yake yi.