An Bar Tuwo, An Kama Gorar Folere

Ranar Asabar da ta wuce na je suna a Yelwa, nan cikin Garwa ta Kamaru, abin da idona ya gani kuma shi ya hana bakina shiru. Bayan azahar aka fito da abinci, shinkafa da miyar nama, ga tuwon masara da miyar kuka ga mai so. Wata 'yar ƙanwata, yarinyar da na goya a bayana, ta ture kwanon gefe ta ce, "Goggo, ni fa ina rejim." Wato tana rage cin abinci don ta rame. Na ce madalla, Allah ya taimaka. Ban gama wanke hannu ba na ga ta jawo gorar folere, wato zoborodo, mai sanyi, irin ta rabin lita ɗin nan, ta kafa kai sai da ta ga gindinta. Ta ƙara ta biyu. Aka zagayo da tiren gato, wato kek, da dubulan, ta ɗauki yanka biyu, wai ɗan taɓawa ne don kada mai jego ta ji haushi. Da la'asar aka dafa shayi, ta ɗaga murya kowa na ji ta ce kada a sa mata sukari, sannan ta buɗe jaka ta ciro 'yar kwalbar zuma ta tsiyaya manyan cokali biyu, ta bi da madarar gwangwani mai kauri. Da za mu fito ina jin ta tana gaya wa ƙawayenta, har da dafe ciki, wai yau ko loma ɗaya ba ta kai bakinta ba.

'Yan'uwana mata, ƙannena da 'ya'yana, wa muke yaudara? Na rantse da ta zauna ta ci malmalar tuwon nan guda da miyar kukarta ta sha ruwan randa, da ta fi kusa da abin da take nema. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Ban ce son zaƙi laifi ba ne. Allah ne ya halicce mu da shi, jariri ma nonon uwa da ɗan zaƙinsa yake kamawa. Wadda kuma ta rage abinci dole kwaɗayi ya taso mata, musamman tsakanin la'asar da magariba, ko da dare an gama hira ido ya ƙi barci. Wannan duk na sani, ni ma na ɗanɗana. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ƙaryar da muke yi wa kanmu, wato duk abin da ba a kwano aka zubo shi ba, ba ya shiga lissafi. Wanda aka sha a gora ba ya ƙirguwa. Wanda aka ci a tsaye a bakin murhu ba ya ƙirguwa. Wanda aka tsinta daga hannun yaro ba ya ƙirguwa. To jiki dai ba ya mantuwa, shi yana rubutawa.

Bari in ba ku lissafin da ni ma sai da na zauna a bencin wani asibiti, sakamakon gwajin jini a hannuna, kafin na yarda da shi. Giram ɗaya na sukari kalori 4 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Tun shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a wuni, kimanin giram 50 ke nan ga babba, in ya sauka zuwa giram 25 ya fi. Giram 25 ɗin nan ƙananan cokalin shayi shida ne kacal. Gwangwanin Coca-Cola guda mai santilita 33 yana ɗauke da kimanin giram 35, kun ga shi kaɗai ya tsallake giram 25 ɗin. Mu kuwa nan manyan kwalabe muke sha, a zafin Afrilu har biyu. Folere kuma, kada wadda ta ce mini ai ganye ne. Na yi sana'arsa shekaru, da hannuna na dama. Tsaminsa ba ya kwanciya da cokali, da kofi ake zuba sukarin, in kin rage ba mai komowa ya saya. Sannan abin sha ba ya cika ciki yadda abin taunawa ke cikawa. Ki shanye gora biyu, bayan rabin awa yunwa na nan inda kika bar ta.

Sai zancen zuma, wanda nake ji har a bakin masu boko. Wai zuma ba sukari ba ce, magani ce. Ƙwarai akwai waraka a cikinta, Alƙur'ani ya faɗa, zumar Adamawa da ake kawo mana daga Ngaundere kuwa ba ta da na biyu. Amma wane magani ake sha da ludayi? Babban cokalin zuma ya haura kalori 60, na sukari bai kai 50 ba. Hukumar nan da na ambata a layi ɗaya ta jera zuma da sukari da ruwan 'ya'yan itacen da aka matse. Madarar gwangwani mai kauri kuwa, wajen rabinta sukari ne zalla. Ke da kika hana a jefa miki ƙwaya biyu a shayi kika tsiyaya waɗannan, kin bar jaki kina dukan taiki.

Haka dabino. Sunna ce, ba mai musu, amma da ƙwaya nawa ake buɗe baki? Ke kin aje leda guda ta dabinon Faya ta Chadi a gefen katifa, ido na kan waya hannu na kai-komo, sai kin ji ƙwallaye sun cika tafin hannu. Giram 100 na dabino ya kusa kalori 280. Kankana mai wannan nauyin kalori 30 ce. Ku auna da kanku, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Na baya-bayan nan su ne masu "ziro". An je kanti an sayo lemon kwalba da aka rubuta babu sukari, sai a ga ai an samu lasisi: a haɗa shi da makala, wato fanke, guda biyar masu ɗigar mai. Gaskiya ne lemon ba shi da kalori, amma makalar fa, a ina za ta sauka? Kuma a watan Mayun 2023 Hukumar Lafiyar ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan sinadaran zaƙi don rage ƙiba, saboda ba a ga suna rage kitse a tsawon lokaci ba. Ni abin da na lura da shi a kaina, muddin harshe na samun zaƙi mai ƙarfi kullum, ba ya daina nema. Sai gwanda ta zame miki lami, gwaiba ta zama kamar kina tauna kara.

Ba zan ma shiga zancen shayin rage tumbi da ake tallarsa a WhatsApp ba, don raina zai ɓaci. Kuɗin cefanen sati a miƙa wa wata da ba a san ko ajin jinya ta taɓa shiga ba, ta ba ki abin da zai sa ki kwana zarya bayan gida. Da safe ki hau sikeli ki yi guɗa, alhali ruwan jikinki ne ya zube. Shekarun baya kaɗan ƙwayar sa ƙiba ake rububi, yanzu ta ramewa, ga man shafawa da ya mayar da fuska kamar gwanda gwiwa kamar gawayi. Ko yaushe dai jikin da Allah ya ba mu ba ya yi mana. Ku ma samari kada ku yi dariya. Ina ganinku da asuba kuna gudu wajen filin Rumde Ajiya gumi na zuba, da dare kuma ku kwana a majalisa kan buta, dahuwa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kowace sukari kamar za a yi alewa. Ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu.

To me za a ci in kwaɗayin ya taso? Ai ba sai na kawo muku abu daga Faransa ba. Kankana na nan a bakin titi, yanka ɗaya dala ashirin, wato sefa ɗari, ki sa a sanyi ki ci da haƙori. Lemu ki ɓare ki ci da ɓargonsa na ciki, kada ki matse huɗu a kofi. Mangwaro in lokacinsa ya zo, guda ɗaya, ban ce ki zauna gaban kwando ba. Kindirmo ba sukari da 'yar gwanda a ciki. Foleren ma ki dafa naki da citta da kanumfari, ki yi ta janye sukarin sannu-sannu har harshe ya saba, sannu ba ta hana zuwa. In kuwa gaton ne ranki ya nace a kai, ki yanki ɗan ƙarami ki zauna ki ci a gaban kowa, ki san kin ci, ki sa shi a lissafi. Ya fi miki wannan cin ɓoye da ake yi a bayan ƙofa ana goge baki. Sauran kuma haƙuri ne da jin tsoron Allah a kan jikin da yake amana a hannunki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya raba mana cikin gida uku, ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi. Mu mun kwashe kason abincin mun ba abin sha, mun haɗa masa da na numfashin.

Wallahi wani lokaci in na tuna tasowarmu sai in ji ƙwalla. Zaƙinmu goruba ne, ka wuni kana gwagwiyarta, muƙamuƙi ya gaji kafin ka samu abin da bai kai cokali ba. Aduwa, magarya, kanya, ɗinya, garin ɗorawa da ke rina mana baki ɗorawa-ɗorawa, kuka a kaɗa da nono. Kwalin sukari a cikin adakar Inna yake da makulli, sai an yi baƙo ko mai jego ake buɗe shi, ƙwaya ɗaya in ta faɗo hannunka sai ka yi ta lasa har magariba. Alkaki da nakiya sai biki, shi ya sa har yau muke tuna ɗanɗanonsu. Iyayenmu mata sun ci tuwo dare da safe, ɗumame ba ya wuce su, amma sun yi daka, sun yi surfe, sun ɗebo ruwa, sun taka har kasuwa sun dawo. Ba wadda ta san kalmar rejim, ba kuma wadda ke jin kunyar a ga tana cin tuwo. Yau nan da bakin layi sai an tsayar da mai babur, tuwo ya zama abin ƙauyanci, yaro ɗan shekara biyu an saba masa da kwalba kafin ya iya cewa Baba. Ciwon sukari da a da muke jin labarinsa a gidan masu kuɗi, yanzu ki leƙa gida uku a layinku ki gani.

Jiya 'yar tawa ta biyo ta gidana, fuska a murtuke, wai wata guda tana wahala sikeli ko motsi bai yi ba, ko dai asiri aka yi mata. Na ce zauna, babu wanda ya yi miki asiri. Na yanko kankana na aje mata, na kawo ruwan randa. Ta ci yanka biyu tana ta yaba sanyinta. Can ta ɗago kai ta ce, "Goggo, ba ki da ɗan sukari in barbaɗa?"