Kilisar doki ba sai da sukuwa ba

Yawancin mahaya da zarar sun ɗaure sirdi sun zura ƙafa a likkafa, sai su sakar wa doki linzami, kamar tafiya a hankali ɓata lokaci ce. Ni a ganina, dokin da bai ƙoshi da tafiyar hankali ba bai horu ba, komai kyan sukuwarsa.

Dalilina na farko yana cikin ƙafarsa. Tsoka da zuciya da huhu suna samun ƙarfi da wuri, amma jijiyoyi da ƙashi sai sun ɗauki watanni, shi ya sa doki zai nuna maka ƙarfi da zumuɗi alhali ƙafafunsa ba su shirya ba. Na taɓa yin wannan kuskure da wata goɗiyata bayan ta daɗe a turke. Na sa ta sukuwa a mako na farko, washegari na shafa bayan ƙwaurinta na gaba na ji zafi da kumburi, kuma har yau abin yana damuna, domin da na ba ta mako 4 zuwa 6 tana tafiya kawai, da ban jawo mata wannan ciwo ba. Ko lafiyayyen doki ma yana bukatar minti 10 zuwa 15 na tafiya kafin aiki, haka nan bayansa, har numfashinsa ya daidaita.

Sannan akwai tarbiyya. A tafiya doki yana cin kimanin kilomita 6 a awa, kofatansa huɗu suna sauka ɗaya bayan ɗaya, ba kuma lokacin da dukkansu suke barin ƙasa, saboda haka yana da sararin fahimtar abin da ƙafar mahayi da hannunsa suke nema, ko tsayawa, ko juyawa, ko ja da baya. Ka saurari takunsa a kan tsandauri, huɗu ne daidai wa daida. Ka kuma duba sawunsa a jiƙaƙƙen yashi: idan kofaton baya ya taka sawun na gaba ko ya zarce shi, bayansa a sake yake. Idan kuwa ka ƙanƙame linzami ka hana kansa rausayawa, takun zai gajarce ya rikice, kuma gyara shi yana da wahala ƙwarai.

Goɗiyar nan ta warke, amma sai da na yi watanni ina jan ta da ragama a ƙasa kafin na sake hawanta.